Ɗaurin Ɗanyen Ƙirgi

Shekarar da Nasara ya miƙa mulki ina da mata da ɗa guda, a wani ƙauye gabas da Gazawa. Na yi lakol, wato makarantar boko, shekara uku, na dawo sana'ar gidanmu, wato aikin fatar saniya: guga, igiyar rijiya, ɗaurin gatari. Duk mai wannan aiki ya san abu guda. Ƙirgi a jiƙe ake ɗaura shi. In rana ta buge shi sai ya tsuke, ya kama ƙota har guduma ba ta motsa shi.

Tsakiyar damina ce, hatsin bara ya ƙare a yawancin gidaje, na bana bai nuna ba. Da hantsi aka kama wani mutum yana fitowa daga rumbun baffana da dami guda a ka. Mun san shi, manomi ne daga wata tunga kusa da mu, mai 'ya'ya huɗu. Bai gudu ba. Ya ajiye damin, ya ce yaransa kwana biyu tafasa kawai suke ci.

Mai gari ba ya nan. An kira masu gari duka zuwa Gazawa don a nuna musu sabuwar tuta. Al'adarmu, ɓarawo ana ɗaure shi da igiyar kaba a inuwar ƙofar mai gari har a yi shari'a. Wani ya ce kaba za ta kwance.

Na ce, "Ku bar ni da shi. Ina da abin da ba ya kwancewa."

Na je gida na tsamo tsagin ƙirgi biyu daga kwatarniyar da na jiƙa su tun jiya. Na mai da hannuwansa baya, na naɗe wuyan hannun a jikin turken dokin mai gari. Turken a fili yake, babu inuwa. Na ga haka, na kuma ja ƙullin.

"Samari," in ji shi, "da sanyi igiyar taka."

"Ji daɗinka, baba," na ce. "Anjima za ta yi maka ɗumi."

Aka yi dariya. Wannan magana ita ce ta hana ni cewa ban sani ba. Na sani sarai. Abin da na ɗauka shi ne zai sha wuya kaɗan, gobe a riƙa cewa ni ne maganin ɓarayi. Muka watse, kowa ya tafi gona.

Da azahar na dawo shan fura na bi ta wurin. Ya jiƙe da zufa, leɓensa ya bushe.

"Samari, don Allah sassauta. Ba na jin yatsuna."

"Da ka shiga rumbu ai suna ji."

Ban zagaya bayansa na duba ba. Mata biyu na leƙe ta kan danga, ɗaya ta ce mini, "Kai ɗan nan, ka ji tsoron Allah." Na ce aikin maza ne. Na koma gona, na yi noma har la'asar, har da waƙa.

Rana ta yi sanyi mai gari ya iso. Ya sauko zai ɗaure doki, ya zagaya bayan turken, sai na ji ya yi salati da ƙarfi. Muka matsa.

Ban taɓa ganin irin wannan ba, ko a jikin dabba. Hannuwan sun kumbura sun yi baƙi, yatsun sun miƙe kamar ba na mutum ba. Ƙirgin ya nutse cikin nama har ba a ganinsa sai ƙullin. Ƙudaje sun taru. Mutumin ya daina magana, kansa ya rataya a ƙirji. Baffana, mai hatsin, ya juya ya yi amai.

"Wa ya yi wannan?" in ji mai gari.

Duk suka dube ni.

"Zo ka kwance."

Na sa wuƙa, babu inda za ta shiga tsakanin fata da fata. Sai da aka yi ta zuba ruwa, ina murzawa da yatsa. Da ƙirgin ya saki, mutumin ya yi wata ƙara, har dokin ya fizge linzami.

Baffana ya goge baki ya ce, "Dami guda ne fa. Da ya roƙe ni da na ba shi."

Washegari ni da baffana muka ɗora shi a jaki muka kai shi gidan likita a Gazawa. Ma'aikacin da ya karɓe shi ɗan wajenmu ne, amma dangin uwarsa na ƙetaren iyaka, yana jin Faransanci da ɗan Ingilishi. Ya buɗe tsumman, ya daɗe yana kallo, sannan ya furta wata kalma da ban taɓa ji a lakol ba. Ya ce Faransawa da Ingilawa kusan bakinsu ɗaya a kanta, duka sun gaje ta daga wani tsohon yare. Ba a faɗinta a kan mari ko duka. Ana ajiye ta ne don aikin da duk wanda ya ji labarinsa tsigar jikinsa za ta tashi.

"Mu nan rashin imani muke cewa," in ji shi. "Gardawan Nasara, masu tsaron nan, su suka yi masa?"

Baffana ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ni ne."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya juya ya ci gaba da duba hannuwan. Kalmar ta ɓace mini tun a hanyar gida.

Hannun hagu ya warke, yatsu uku na motsi. Na dama an yanke shi daga wuyan hannu. Mai gari ya yanke cewa ni zan noma gonar mutumin, na kuwa noma ta damina bayan damina. Yakan zauna a gindin gawo yana kallona. Na nemi gafararsa sau uku, kullum amsarsa ita ce, "Akwai ciyawa can gefen."

Bayan wasu shekaru muka haɗu a wani suna a tungarsu, kwano ɗaya. Akwai baƙo a cikinmu, wani dattijo mai sayen gyaɗa daga Gidan Rumji. Ya ga mutumin ya kai hagu cikin tuwo, ya ɗaure fuska.

"Haba malam! Da girmanka, da hagu? Ina daman?"

Kowa ya tsaya da loma a hannu. Mutumin ya gama taunawa a hankali, ya nuna ni da haɓa.

"Tambayi wancan," ya ce. "Shi na ba ajiya."