Dosiyen Yayana

Yayana malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Geceme. Bayan rasuwarsa matarsa ta ba ni kwamfutarsa, wadda ta daina kunnuwa tun yana kwance. Hotunansa kawai take so, don ƙaramar 'yarsu ba za ta tuna fuskarsa ba.

Na kai ta wurin wani mai gyara a kasuwar Dogon Dutsi. Ya ce faifan ajiyar ya mutu, sai an sa sabo. Da la'asar na koma na tarar ta kunnu. Ya jawo mini kujera, ya nuna mini yadda na'urar ke raba kayanta: dosiye, wato jakar ajiya, guda na tsarin da ke tafiyar da ita, guda na manhajoji, guda kuma na mai ita. Biyun farko ya mayar da su cif, domin kowace kwamfuta irinsu gare ta.

"Na ukun fa?" na tambaye shi.

Ya buɗe. Ga wurin hotuna, ga na takardu, ga na waƙoƙi, kowane da sunansa, ba komi a ciki.

"Malam, wannan mai ita kaɗai ya zuba abinshi, kuma tsohon faifan ko motsi ba ya yi. Sai haƙuri."

Washegari na shiga motar Geceme. Matar yayana ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, na faɗa mata. Ta daɗe tana kallon kwamfutar, sannan ta ce in tafi da ita, yarana su yi karatu.