Kunkurun Madam da Tuwon Gero

Yaya Hajo, ki tara su Inna ki karanta masu, yau kunkuru ya kusa raba mu da abincinmu!

Kin san maigidana shi ne kukun Kumandan a nan Dogon Dutsi. Madam, matar Kumandan, ta tafi Dosso, ta bar wa maigidana amanar kunkurunta, shi kuma ya kawo min gida. Ni da tausayi, na riƙa ba shi tuwon gero kamar baƙo. Ruwa kuwa ban ba shi ba, don tun muna yara ake ce mana kunkuru raɓa yake sha. Kwana tara ba kashi! Yau da safe ya ƙi ci, ya ƙi motsi. Ga shi gobe Madam za ta dawo.

Maigida ya ce, "Uwar Zali, in dabbar nan ta mutu, aikina ya mutu."

Sai ga Goggo Dije mai nono. Ta ɗaga kunkurun ta jinjina, na faɗa mata abin da nake ba shi, ta ce, "Tuwo? Ke ɗiyata, surukinki ne?"

Ta sa na sirka ruwa mai ɗumi a kwatarniya, iya haɓarsa. Muka saka shi. Shiru! Maigida sai salati yake. Can kunkurun ya miƙo wuya, ya sha, ya sha, ya yi nishi. Sai ruwa ya dagule da kashi!

Na rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka shigo da gudu, "Wa ta haihu?"

Nan take kunkurun ya cinye yankan kabewa. Maigida ya sungume shi ya mayar gidan Kumandan, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Allah ya saka wa Goggo Dije da Aljanna!