Sabo Mai Faci Ya Nemo Wa Jitarsa Yatsa

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa a kan hanyar Maje ya san Sabo mai faci. In bai san sunansa ba, ya san rumfarsa, wadda tsofaffin tayoyi suka yi wa katanga. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ya ba hamsin baya, kuma ciwonsa ɗaya a duniya: ba ya iya ganin abu a rufe bai buɗe ya leƙa cikinsa ba. Satin da matarsa Lauratu ta tare a gidansa ya kwance mata keken ɗinki, ya mayar, noti uku suka yi saura. Keken ya ci gaba da ɗinki lafiya lau. Har yau in hira ta yi daɗi sai ya tambayi mutane ko aikin me notin nan uku suke yi tun farko.

Ta wannan ƙofar jita ta shigo rayuwarsa. Shekara ashirin ke nan, wani ɗan bautar ƙasa da ya yi haya a gidansu ya tashi tafiya, direba ya ce ko shi ko jitarsa, ɗaya zai ɗauka. Ya miƙa wa Sabo ita ta tagar mota. Sabo ya kai ta rumfa, ya cire tsirkiyoyin shida, ya haska ramin da tocila. Babu komai sai yanar gizo. Abin ya tsaya masa a rai: akwatin da ba kowa a ciki, ina yake samo murya? Garin neman amsa ya mayar da tsirkiyoyin, garin taɓa su ya koyi kiɗa. Amsar dai bai samu ba, amma ya samu Suhaibu.

Suhaibu masinja ne a wata ma'aikata a Abuja, cikin masu sallar asuba da takalmi a hannu don kada motar farko ta wuce su. Allah ya ba shi murya, ya kuma ba shi bakin tsiya. Duk Lahadi bayan la'asar sai ya zo rumfa ya zauna a kan tayar tifa, Sabo na kaɗawa, shi yana rera waƙoƙin da ya ƙaga a cikin cunkoson Zuba: ta mai gidan haya, ta kwandasta, ta miyar da aka ɗumama sau uku. Masu sauraro su ne 'yan Keke Napep da ke jiran faci. Wasu ma sai an gama musu aiki su ƙi tashi.

Bara da damina ƙarfen tayar wata tifa ya suɓuce ya danne wa Sabo manuniyar hannun hagu. Yatsan ya warke, amma ƙarfinsa ya tafi. Ga mai faci wannan ƙaramin abu ne, saura tara. Ga mai jita kuwa babban rashi ne, domin akwai sautukan da ba sa fita sai an kwantar da manuniya ta danne tsirkiyoyi shida gaba ɗaya, sauran yatsun su yi rawa a gabanta. Kuma a irin waɗannan sautukan muryar Suhaibu take zama. In Sabo ya gwada, zafi ya harba har kafaɗa. In ya koma sautukan da yatsu uku ke iyawa, Suhaibu ya yi ta laluben murya a ƙasa kamar mai neman allura a rijiya. A hankali Lahadinsu ta koma ta shayi da labarin siyasa.

Ana nan sai ritayar Suhaibu ta zo. Abokan aikinsa, da suka shekara talatin da biyar suna aikensa ba su san yana waƙa ba, suka ji labari, suka ce lallai ranar walimar sallama sai ya yi musu.

"Mutumina," in ji Suhaibu, yana juya kofin shayi bai kalli Sabo ba, "akwai wani Bola mai fiyano a unguwarmu. An ce ko ina ka ajiye murya, da maɓalli ɗaya zai tarar da kai."

"Ka yi masa magana?"

"Na dai gaishe shi."

"Gaisuwa da lambar waya?"

"To, ka san mutanen Abuja. Ba 'yan Keke ba ne da za su yafe mana. Sati uku ya rage."

Sabo ya ajiye kofinsa. Shekara ashirin yana kaɗa wa mutumin nan a gaban tayoyi, yau da za a hau kujerun alfarma sai a tafi da wani. Amma maimakon fushi, tambaya ce ta kama shi. Shin me manuniyar take yi ne? Ba rawa take ba, kwanciya kawai take a kan tsirkiya. To in kwanciya ce, dole sai yatsa?

Washegari ya yanko guntun ƙarfe, ya naɗe shi da robar cikin taya, ya ɗaure a wuyan jitar. Abin mamaki, sauti ya hau sama, yatsu uku suka wadatar. Ya aika aka kira Suhaibu. Waƙar farko ta tafi sumul. Ana tsakiyar ta biyu robar ta tsinke, ƙarfen ya tashi ya tuɓe wa Suhaibu hula, ya tafi da tsirkiya ɗaya.

"Alhamdu lillahi da ba a gaban darakta ba ne," in ji Suhaibu yana kaɗe hularsa. "Da an ce juyin mulki muka shirya."

Ranar Asabar Sabo ya ja shi suka tafi bayan babbar kasuwa sayen tsirkiya, shagon Adaobi mai sayar wa coci-coci ganguna da lasifika. A Suleja aka haife ta, Hausa a bakinta har da ta sayarwa. Sabo ya fito da guntun ƙarfensa yana yi mata bayanin abin da ya ƙirƙiro, da alfaharin wanda ya gano fetur a bayan gida. Ta bar shi ya kai aya, sannan ta jawo wani kwali.

"Baba, sannu da ƙoƙari, amma an riga ka. Kafo sunansa. Iri uku gare ni."

Sabo ya daɗe yana kallon kwalin. Ya ji haushi kaɗan, amma haushin bai kai son ganin cikinsu ba. Na farko ƙyallen roba ne da ɗan guntun ƙarfe. Ya ture shi gefe, ya ce wannan ƙanen wanda ya ƙera ne, kuma ya san halin gidansu. Na biyu mai sifirin ne, kamar abin shanya kaya, a matsa ya buɗe baki, a saki ya cije. Na uku yana da ɗan noti a baya da ake murzawa da hannu.

"Samarin coci mai sifirin suke saye," in ji Adaobi. "Kafin fasto ya ce amin sun matsar da shi."

Sabo ya ɗaura wa jitarsa sabuwar tsirkiya, ya maƙala mai sifirin, ya kaɗa. Suhaibu ya gyara murya ya ɗauko waƙar kwandasta, layi biyu ya tsaya yana yamutsa fuska.

"Akwai abin da bai yi ba."

"Mene ne?"

"Ban sani ba. Kamar miyar da gishirinta ya ɗan zarce. Za a ci, amma ba za a ƙara ba."

Sabo ma ya ji. Tsirkiyoyin sun haura inda ya kamata su tsaya, kuma ba tare suka haura ba, kowace da nata taurin kai. Ya ce ai dama sifirin ba abin yarda ba ne, a ba shi mai noti, nan ne fagensa. To shi fa Sabo, a duk tsawon aikinsa, doka ɗaya ya sani game da noti: a ɗaure shi sai ya yi kuka. Direban tifa ba ya barin rumfarsa sai ya ga ya hau kan sifana da ƙafa biyu. Haka ya kama ɗan notin nan ya yi ta murzawa har jijiyar wuyansa ta fito.

"Baba, a hankali," in ji Adaobi. "Ba Kaduna jitar za ta ba."

Ya kaɗa. Abin da ya fito ya fi na farko muni, har mai sayar da lemo a ƙofar shago ta waiwayo. Suhaibu ya dafa kafaɗarsa.

"Malam Sabo, bar shi haka. Ka yi iyakar yinka, Allah ya gani, ni ma na gani. Ka zo walimar ka ci shinkafa kamar kowa." Ya ce zai leƙa wajen masu huluna, ya fita.

Sabo ya zauna a kan wata lasifika, ya fara kwance notin don ya mayar wa mai kaya kayanta. Hannun damansa kuwa, saboda sabo, yana ta taɓa tsirkiya ɗaya. Sai ya ji wani abu. Duk juyin da ya sassauta, sautin na saukowa kaɗan. Ya tsaya. Ya ƙara ɗaurewa, sauti ya hau. Ya sassauta, ya sauko.

"Madam, kin ji abin da na ji?"

"Ni sayarwa nake, Baba, ba na kaɗawa."

Ya kwantar da jitar a cinya, ya sa ido daidai wuyanta kamar mai duban wata. Wuyan jita a rabe yake gida-gida da ƙananan ƙarafa. Sai ya ga in kafo ya matsa da yawa, yana tura tsirkiya har ƙasa ta lanƙwashe a bayan ƙarfen, ta ƙara tauri, shi ya sa take haurawa. Ya ci gaba da sassautawa har tsirkiyar ta fara zizar ƙudan da ya faɗa kwalba. Daga nan ya ƙara rabin juyi. Zizar ta ɗauke. Ya sauke yatsa a kan shidan gaba ɗaya, suka amsa da baki ɗaya, tas.

"Ashe ba noti ba ne," ya ce a hankali. "Iska ce. Iskar taya ai ba a cewa sai ta yi kuka."

Bai tashi ba. Ya matsar da shi gida na biyu, ya gwada, ya kai shi na biyar, ya gwada. Sai ya tarar kowane gida da irin matsin da yake so, domin wuyan jitarsa ya ɗan karkace, shekara ashirin tana shan zafin kwano. Mai sifirin ƙarfi ɗaya ya sani, ko ina ka kai shi haka zai cije. A sabuwar jita mai miƙaƙƙen wuya wataƙila ya yi daidai. Tasa tsohuwa ce, sai da lallashi. Ya kuma gano in ya ajiye shi dab da ƙaramin ƙarfen, ba a tsakiyar gida ba, matsi kaɗan ya isa. Masu saye biyu suka shigo suka fita yana nan, Adaobi na ce musu sabon ma'aikaci ta ɗauka.

"Sai dai fa mai notin yana da nawa," ta ce da ta ga ya zaɓa. "Kafin ka matsar ka daidaita, an sha ruwa an dawo."

"Na ji. Shi nake so."

Ranar Lahadi Suhaibu ya zo shan shayi, ya tarar da jita a kan tayarsa. Ya buɗe baki zai yi magana, Sabo ya riga shi da kiɗan waƙar mai gidan haya. Da aka zagayo sau biyu, sai murya ta ƙwace wa Suhaibu. Ya kai ta ƙarshe idonsa a rufe. 'Yan Keke uku suka kashe injin.

"Kawo ta kwandasta," in ji Suhaibu.

Sabo ya kwance, ya matsar, ya sassauta har ziza, ya ƙara rabin juyi, yana kasa kunne. Suhaibu ya duba agogo.

"Wannan shirun fa? A Abuja in ka yi shirun minti ɗaya sai wani ya tashi ya fara jawabi."

"To ka yi jawabin da kanka. Yaushe bakinka ya taɓa mutuwa?"

Suhaibu ya harare shi, ya zaro biro da takardar da ya jera waƙoƙin walima guda shida. Ya tambayi gidan da kowace take zama. Biyu a gida na biyu, uku a na uku, ɗaya a na biyar. Ya soke jerin, ya sake rubutawa, 'yan gida ɗaya a jere, yadda sau biyu kacal za a taɓa notin.

"Ni fa ban ce na fasa da mai fiyano ba," ya ce, yana rubutu.

"Ban tambaye ka ba."

"Kuma ka nemo riga wadda ba ta san baƙin mai ba."

Ran walima Bola na gidansa yana hutawa. Sabo ya zauna a gefen Suhaibu cikin farar shadda, ya kaɗa waƙa shida da yatsu uku. A wuraren shirun nan biyu, Suhaibu ya ba da labarin daraktoci goma sha ɗaya da ya yi wa aike, da irin shayin kowannensu, mutane suka ɗauka cikin tsarin taro ne. Da aka tashi wata babbar jami'a ta matso ta nuna wuyan jitar, ta ce wannan ɗan ƙarfen na mene ne. Sabo ya gyara zama, ya ce ta jawo kujera. Motar ma'aikata mai komawa Suleja ta yi ta ƙaho a waje, Suhaibu na tsaye a ƙofa da ledar shinkafa biyu, Sabo kuwa ya miƙa wa Hajiyar jitar yana cewa ta sassauta a hankali, ta faɗa masa in ta ji ƙuda.