Mai Auna Ruwan Rijiya

Namadi yana tsaye a ɗakin gwaje-gwaje a Kaura, riƙe da kwalbar ruwan rijiyarsu ta Birnin Tsaba, inda jarirai ke ta mutuwa. Matar da ke kula da na'urar tantance sinadaran ruwa ta manyanta, farar rigar aikinta ta koɗe bisa hijabi. Tana wanke siraran bututan na'urar a natse, sannan ta zuƙi ruwan da sirinji ta tura ciki. Layi ya yi tsiri a kwamfuta.

"Baba, takin zamani ya shiga rijiyar. Ɗiya nawa kuka rasa?"

"Uku, Malama."

"Allah ya sa masu ceto ne."

Muryarta ta karye. Namadi ya sunkuyar da kai. Ya san muryar uwar da ta taɓa binne nata.