A Ɗanɗana Mini Gishiri

A gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi tatsuniya tana da lokacinta, kamar yadda abinci yake da nasa. Tsakanin magariba da isha'i ne, an sauke tuwo amma garwashin murhu bai mutu ba. Kakata Inna Yalwa, mahaifiyar babanmu, takan jawo kujerarta 'yar tsugune ta zauna a bakin murhun tana tona garwashi da guntun itace, mu kuma mu baje a tabarma hannuwanmu suna ƙanshin daddawa. Da ladan ya yi gyaran murya a masallacin layinmu, ko a tsakiyar labari take, sai ta ce, “A nan za mu ɗaure ta, ba inda za ta.” Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai Takwara.

Inna tana da wata ɗabi'a da na daɗe ban gane ba. Kullum bayan la'asar sai ta tsaya a tsakar gida, ta kare ido da tafin hannu, ta bi saman katangun maƙwabta da kallo. Na ɗauka hadari take dubawa. Ashe hayaƙi take nema. Duk gidan da yamma ta yi hayaƙi bai tashi ba, ta san ba a ɗora tukunya ba.

A shekarar da nake aji huɗu na firamare, gidan da hayaƙinsa ya fi ɗaukewa shi ne na maƙwabciyarmu Gwaggo Asabe. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu a hanya ya bar ta da 'ya'ya uku. Mace ce mai kamun kai. Mayafinta ɗaya ne amma ba ka taɓa ganinsa a yamutse, kuma in ka tambaye ta ya gida, kafin ka rufe baki ta ce alhamdu lillahi. Ranar da babu hayaƙi a gidanta, Inna takan cika langa da tuwo, ta cika kwanon miya, ta ɗora mini a ka.

“Ki ce da Asabe ina gaishe ta. Ki ce ta taimaka ta ɗanɗana mini gishiri.”

In na kai, Gwaggo Asabe ta karɓa da fara'a, ta juye, ta wanke kwanukan, ta ba ni amsa kamar wata alƙaliya. “Ki ce ya ji daidai.” Wata rana kuma, “Ki ce hannunta ya ɗan yi nauyi yau.”

Babanmu bai ga hikimar abin ba. Ma'aikaci ne a wani ofishin gwamnati, mutum mai imani da takarda da hatimi. Na sha jin yana cewa, “Inna, tukunyarki nawa take? Akwai sashen da aikinsa ke nan, kula da marayu. Na kai sunan Asabe, za a kira ta.”

“Allah ya sa a kira,” in ji Inna. “Kafin nan yaran su ci sunan da ka kai?”

Ni na ɓata komai. Wata yamma ƙawayena suna 'yar gala-gala a ƙofar gida aka ɗora mini langar, na tafi ina ƙunƙuni. Da Gwaggo Asabe ta ɗauki cokali za ta yi ɗanɗanon nan nata, sai gaggawa ta sa na ce, “Gwaggo, ba sai kin wahala ba. Inna ta riga ta ɗanɗana da kanta, a gabana ma. Kawai dai ta ga ba ku hura wuta ba ne.”

Har yau ina ganin yadda cokalin ya tsaya a hannunta. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta mayar da murfin a hankali, ta ɗora mini langar a ka, ta gyara mini gammo.

“Ki ce da Inna na gode. Mun ci abinci.”

Ƙaramin ɗanta yana riƙe da zanenta, idonsa a kan langar har na fita daga zaure.

Washegari ma aka dawo da tuwon ba a taɓa ba. Rana ta uku haka. Kuma duk kwanakin nan hayaƙi bai tashi a gidan ba. Da Inna ta matsa mini da tambaya na faɗa mata abin da na ce, na sunkuyar da kai ina jiran duka. Ba ta ko ɗaga hannu ba. Sai da aka idar da magariba muka zauna a bakin murhu, ta kalle ni ni kaɗai a cikin yaran, ta buɗe da irin buɗewarta.

“Ga wata nan ta taso. Wa zai tare ta?”

Muka ce, “Mu ne, Inna.”

Ta ce a wani gari aka yi fari shekara biyu a jere. Sarkin garin mutumin kirki ne, ya ce a buɗe rumbunansa a raba wa talakawa hatsi. Sai fadawa suka tsara yadda za a yi: duk mai so ya zo ƙofar fada da hantsi, sanƙira ya kira sunansa da na ubansa da ƙarfi, ya ce wane ɗan wane yunwa ta kawo shi, sannan a auna masa. Masu ƙarfin ƙafa da ƙarfin ido suka riƙa zuwa, wasu har sau biyu a rana da hula daban-daban. Masu kunya kuwa suka ja ƙyaurensu suka rufe.

A unguwar marina akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Da ta ga haka sai ta bi gida-gida tana kukan cewa harshenta ya mutu, ba ta jin gishiri. Kullum ta dafa 'yar tukunyarta, ta zaɓi gidan da ya fi shiru, ta ce don Allah a ɗanɗana mata. Da maƙwabtanta masu ɗan hali suka gane, su ma harsunansu suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Da ruwa ya sauka, sarki ya aika a zaga gari. Kowace unguwa aka je sai a tarar da gidajen da aka yi rashi a bayan rufaffen ƙyaure, ban da unguwar marina. Ya sa aka kira tsohuwar.

Nan Inna takan canza murya, ta yi ta sarki mai kauri. “Ke tsohuwa, me kike da shi da ya fi rumbunana?”

Sai ta koma 'yar siririyar murya. “Ranka ya daɗe, tukunya ɗaya ce da mataccen harshe. Kai garin ka sani, ni ƙofofin na sani. Wanda ya iya takowa ƙofarka ya tsaya a kira sunan ubansa, ai da sauran ƙarfinsa.”

Sarki ya ji kunya. Daga ranar bai rufe rumbunsa ba, amma ya sallami sanƙira, ya sa a riƙa kai wa tsofaffin matan kowace unguwa hatsi ta ƙofar baya su rarraba. “Har gobe in kun je garin,” in ji Inna, “ba za ku sami tsohuwa ɗaya mai jin gishiri ba. Ta ƙare, na kife ƙwaryata.”

Yaran suka yi dariya. Ni ban yi ba. A islamiyya an koya mana cewa ƙarya haramun ce, abin yana cina. Na ce, “Inna, to ai tsohuwar ƙarya ta yi.”

Na zaci za ta ce in rufe mata baki. Sai ta daina tona garwashin. “Takwara,” ta ce, “kin yi ɓarna, yau kuma kin yi gyara.” Aka kira isha'i, ta tashi ta ɗauki buta.

Washegari Inna ta kaɗa miyar kuka da kanta, ta watsa gishiri da ka, ba ta kai ludayi baki ba. Ta yafa mayafi, ta ɗauki langar da hannunta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce in biyo ta.

Gwaggo Asabe ta shimfiɗa mata tabarma, suka gaisa, fuskarta ba yabo ba fallasa. Inna ta buɗe kwanon miya.

“Asabe, takwarar nan tawa ta kama ni da laifi, kuma gaskiyarta. Na ce ki ɗanɗana alhali na riga na ɗanɗana. To daga yau na daina, Allah ne shaidata. Wannan ban san me na dafa ba. In kin ƙi, haka ɗana zai dawo daga ofis ya ci.”

Gwaggo Asabe ta dube ta, ta dubi miyar. Ta ɗauki cokali kamar mai ɗaukar dutse, ta kai baki. Sai na ga kafaɗunta suna rawa.

“Inna, wannan ai lami ce. Ko ƙanshin gishiri ba ta ji ba.”

“Kin gani? Da an ci mutuncina a gidana.”

Dariya ta ƙwace wa Gwaggo Asabe har da hawaye, ta sa gefen mayafi tana sharewa, ta daɗe tana sharewa fiye da yadda dariyar ta kai. Ta kira 'yarta ta ce ta kawo kwanon juyewa.

Inna ta cika alkawari. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake ɗanɗana miyarta ba. Mun sha lami, mun sha wadda gishiri ya yi wa yawa har Baba yana shan ruwa kofi biyu yana cewa, “Inna, wannan hukunci har yaushe?” Sunan da ya kai ofis kuwa, an kira Gwaggo Asabe daga baya, aka ba ta keken ɗinki, kuma da shi ta aurar da 'ya'yanta. Ba zan ɓoye wannan ba, haƙƙin Baba ne. Sai dai kafin keken ya iso an yi damina biyu, kuma ba takarda yaran suka ci a daminan nan ba.

Yanzu ina aure a Tarauni, 'ya'yana sun fara tasawa. Maigidana ra'ayinsa irin na Baba ne. Yakan ce in kowa ya ɗauki nauyin maƙwabcinsa, masu mulki za su miƙe ƙafa su ce an hutar da su. Ba na musa masa. Tukunyata ba za ta gina asibiti ba, ba za ta biya malamin makaranta ba, kuma wanda Allah ya ɗora wa amanar jama'a zai amsa tambaya a kanta. Abin da nake ce masa kawai, rumbu nasu ne, amma ba su san ƙofar Rabi ba.

Rabi maƙwabciyata ce, yarinya daga ƙauye, mijinta Malam Sale yana tuƙa adaidaita sahu. Bara ya karye a ƙafa, ya yi watanni a kwance. A lokacin aka zo rabon tallafin abinci a mazaɓarmu. Ta je ta bi layi tun safe. Da ta matso gaba ta ga kowa sai ya rungumi buhun an ɗauke shi hoto a waya kafin ya wuce, sai ta ja mayafinta ta rufe fuska ta dawo gida hannu biyu.

Yanzu ba a duba hayaƙi, kusan kowa da gas ko gawayi yake girki. Ni tukwane nake dubawa. Rabi takan kife nata a kan katangar da ta raba mu su sha iska, sai na ga kwana biyu katangar wayam. Na cika kula, na yafa mayafi.

“Rabi, taimaka ki ɗanɗana mini gishiri. Ni ba na ɗanɗana miyata, gado na yi.”

Ta kalli girman kular, ta kalle ni. “Hajiya, duk wannan ɗanɗano ne?”

“Bakinki kaɗai ba zai ishe ni ba. Ki ba Malam Sale da yaran, kowa ya faɗi abin da ya ji.”

Da yamma ta kife kular a kan katanga, ta leƙo. “Hajiya, Malam ya ce ya ji. Ni kuwa na ce a ɗan ƙara gobe.”

Na ce to, za a ƙara.

Malam Sale ya warke, ya koma kan kekensa. Ban taɓa ba wa Rabi labarin Inna ba, ban kuma yi mata tatsuniyar tsohuwa mai daddawa ba. Watan jiya ina dawowa daga islamiyyar matan aure, na bi ta ƙofar Maman Ifeoma, wata Kirista 'yar kudu da ke layin bayanmu, wadda shagon mijinta ya ƙone. Sai ga Rabi a tsaye a bakin ƙofar da kwano a rufe cikin mayafi. Ba ta gan ni ba. Na ji tana cewa, “Maman Ifeoma, don Allah fito ki taimake ni. Ɗanɗana mini gishirin nan, ni ban iya ba.”

Na sauke kai na wuce da sauri, don kada ta san na ji. Sai da na shiga gida na rufe ƙofa na karanta wa Inna Yalwa Ƙulhuwallahu, na kuma ɗora tukunya. Miyar ranar lami ta fito, maigidana ya faɗa mini. Na ce ya yi haƙuri ya ci haka.