Maƙwabciyata Hajara

"Idi! Awakinka na cinye dawar da na shanya!"

Haka Hajara ta ƙwala mini kira jiya ta bayan danga, a gaban ƙanena da ya zo daga Ƙarfi. Shekara talatin muna aure ba ta taɓa furta sunana ba, sai "Malam".

Bara na sake ta. Ta gama idda ba ta da wurin zuwa, don mahara sun watsa garinsu tuntuni. Sai muka raba gidan da dangar kara, kowa da rumbunsa.

Ƙanena ya ɗaure fuska. "Yaya, da karatunka? Ko ka mayar da ita, ko ta tafi. Mutane na magana."

Kafin in buɗe baki ta amsa masa: "Da ina matarsa, kullum miyata ba gishiri. Yanzu in na miƙo ƙwarya har godiya yake yi. Ba zan koma ba, kuma ba inda za ni."

Ɗaliban da na karantar duk sun manta da ni. Wadda na saka ce ke tambaya ko na tashi lafiya. Na ce wa ƙanena ya gaida gida.

Jama'a, ku kun ga laifinmu?