Shekarar da Na Yi Jego a Bukkar Gona

Shekarun baya, lokacin da Nasara bai daɗe da kama ƙasa ba, mu kuma a Damargu ko mota ba mu taɓa gani ba, na haifi ɗana na fari a wani ƙauye yamma da Tanut. Ruwa ya ɗauke ke nan, gero ya nuna, raɓa ta fara sauka da safe.

Na zo wankan jego gidanmu, raina cike da ɗokin 'yan barka. Washegarin suna sai mahaifiyata ta ɗora tukunyar wanka a kan jaki, ta ce a bukkar gona zan ƙarasa arba'in, domin tarin raɓa ya kusa. Ta ce kowace shekara in damina ta juya baya, safiya ta yi sanyi rana ta yi zafi, majina kan fara zuba a hancin yaran da suka iya tafiya. Su sukan warke cikin mako, amma in abin ya faɗa ƙirjin jinjiri, sai dai Allah. Da bazara kuwa ko an neme shi ba a samu. Ta kuma lura bai cika kama 'ya'yan makiyaya da ke nesa da taro ba.

Na bi ta, amma na cika na yi fam. Ga ɗa kyakkyawa na haifa, an kai ni inda ba mai gani sai tsuntsayen gero.

Rannan mahaifiyata tana can ƙarshen gona tana yankan gero, sai ga aminiyata da 'yarta mai shekara biyu, hanci jagab. Na san ta hana a kusanci jaririn, amma son a yaba shi ya fi ƙarfina. Na miƙa musu shi, yarinyar har da shafa masa fuska.

Bayan kwana uku ya fara atishawa, a na biyar ya ƙi nono. Ƙirjinsa na lotsawa, numfashinsa na fita da ƙara siririya kamar ta ɗan tsako. Likita kuwa sai Damagaram, tafiyar kwanaki. Na faɗa wa mahaifiyata abin da na yi, ina jiran faɗa. Maimakon haka sai ta ɗora ruwa a wuta. Ta zaunar da ni kusa da tururin tukunya, ta sa na riƙe shi a tsaye a kafaɗata, tana ɗiga masa nonon da na tatsa kaɗan-kaɗan.

Tsoro kamar ya kashe ni, amma na kau da kai ina kallon bango, don a wurinmu mace ba ta nuna son ɗan fari a gaban manya, sunansa ma ba ta faɗa. Da azahar ya yi laushi ƙwarai. Sai ta kama haɓata ta juyo da fuskata gare shi.

"Ke, dube shi. Nan ba kowa sai gero. Kira sunansa."

"Inna, a gabanki?"

"Biyu na binne kafin ke, duk gero na tsaye haka. Na farin har aka ɗauke shi ban kira shi ba, ina kunya. Kira shi."

Na kira. Na yi ta kira ina kuka, ita ma tana yi. Ba zan ce kiran ne ya warkar da shi ba, Allah ne, amma bayan kwana biyu ya kama nono da kansa.

A ranar na gane abin da na ɗauka rigimar tsufa ce, kaburbura biyu ne suka koya mata shi. Har yau in na taka raɓar farko sai na ji kewarta, in tashi in kori masu majina daga ɗakin jarirai, jikokina na cewa Kaka ta ruɗe.

Shi kuwa yanzu gemunsa ya yi fari. Yakan tsokane ni wai ban san sunansa ba, tunda bai taɓa ji a bakina ba. Sai in yi dariya in ce ya ji, mantawa ya yi.